Yadda Ake Canjin Jirgi a Addis Ababa Ba Sai An Shiga Gari Ba

’Yan kasuwa masu zuwa Guangzhou da Dubai daga Kano sun yi ta tambayata yadda ake canjin jirgi a filin jirgin sama na Bole da ke Addis Ababa, ƙasar Habasha. Ga shi:

1. Tun a Kano, tabbatar tikiti ɗaya ne ya haɗa jiragen biyu.

2. Karɓi katin hawa jirgi guda biyu.

3. Duba takardar da aka manna wa jakarka, ka ga sunan garin ƙarshe.

Hattara: in tikiti daban-daban ka yanka, galibi sai ka shiga ƙasar ka ɗauko kayanka, kuma hakan na buƙatar biza.

4. Da sauka, ƙara awa 2 a agogonka, Habasha na gaban Najeriya.

5. Bi allon da aka rubuta Transfer, wato canjin jirgi.

Hattara: kada ka bi ayari zuwa layin buga fasfo. Nan mutane suka fi ɓata, wallahi abin na damuna.

6. Wuce wurin bincike. Ruwan da ya haura mililita 100 ƙwacewa ake yi.

7. Duba lambar ƙofarka a allon bango, don takan canja.

8. Je ƙofar da wuri, fasfo a hannu.