Yadda Mai Haɗa Ƙarafan Gini Zai Kare Kansa Daga Faɗowa

Kariyar ma'aikacin da ke haɗa dogayen ƙarafan gini daga ƙasa take farawa, tun kafin ya hau. Kada a kafa ginshiƙi sai kankaren tushensa ya yi ƙwari. Dokar OSHA, hukumar kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki ta Amurka, ta ce sai ya kai kashi 75 cikin 100 na ƙarfin da aka tsara masa, kuma kowane ginshiƙi a ɗaure shi da kusoshi huɗu aƙalla. Idan injin ɗaga kaya ya miƙo ƙarfen da za a gicciya, kada a sake shi sai an ɗaura kusoshi biyu da notinsu a kowane gefe, domin ƙarfen da ya juya da mutum a kansa ba ya ba shi damar kama komai.

Sannan a sa ɗamarar kariya mai kama kafaɗu da ƙirji da cinyoyi. Bel na ƙugu kaɗai bai isa ba, an ma hana amfani da shi wajen tare faɗuwa a wuraren gini a Amurka tun 1998, saboda yana tara nauyin jiki duka a ciki, yana raunata hanji da ƙashin baya. Igiyar da ake haɗawa da ɗamarar ta zama mai reshe biyu, ta yadda in za a matsa gaba sai a maƙala ɗaya kafin a cire ɗayar.

Inda ake maƙala igiyar shi ne abin da aka fi sakaci da shi, kuma a ganina nan ne ran mutum yake. Wurin ya kasance sama da kafaɗa, mai iya ɗaukar nauyin kilo 2,270 ga mutum guda. A kuma auna sararin da ke ƙasa, domin igiya mai tsawon mita 1.8 mai sassauta fizga tana buƙatar kusan mita 6 kafin ta tsayar da mutum lafiya, wato a kan rumfar gidan mai ko ƙaramin sito zai iya bugun ƙasa alhali yana ɗaure. A irin wannan tsayi, igiya mai naɗe kanta ta fi dacewa.

A dakatar da aiki in iska ta taso ko raɓa ta jiƙa ƙarfe.

Shugaban aiki ya tanadi tsani ko injin ɗaga mutum tun da safe, domin wanda ya faɗo ya rataya a ɗamara, jini yana taruwa a ƙafafunsa, zai iya suma cikin 'yan mintuna. A sauko da shi nan take, a kai shi asibiti ko da ya ce lafiyarsa ƙalau, ɗamarar da igiyar kuma kada a sake amfani da su.