Yadda Ake Gane Wanda Aka Bai Wa Izini a Ma'ajiyar Gajimare

Duk ofishin da ya ɗora takardunsa a gajimare, wato kwamfutocin wani kamfani da ake ajiya a cikinsu ta intanet, makaranta ce a Sakkwato mai ajiye sakamakon ɗalibai ko asibiti mai riƙe da bayanan marasa lafiya, akwai doka a rubuce da ke faɗin wanda zai buɗe su. Kafin ka duba abin da dokar ta halatta, fara da neman wanda aka halatta wa.

A AWS, wato gajimaren kamfanin Amazon, buɗe dokar da ke manne da ma'ajiyar fayilolinku da ake kira S3, ka nemi layin da aka rubuta Principal, domin abin da ke gabansa shi ne mai riƙe da mabuɗi. Idan ka ga arn:aws:iam:: lambobi 12 na biye da shi, lambar asusu ce, sai ka kwatanta ta da taku ɗaya bayan ɗaya, in ta bambanta, baƙo aka buɗe wa ƙofa. Wadda ta ƙare da user/ da suna ta mutum ɗaya ce. Ita kuwa role/ muƙami ne da ake hawa a sauka, don haka dole ka buɗe dokar amincewar muƙamin ka ga waɗanda aka yarje wa hawansa. Kalmar root tana ruɗa mutane da yawa: asusun take nufi baki ɗayansa, kuma mai kula da shi yana iya miƙa izinin ga duk wanda ya ga dama cikin mutanensa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne alamar tauraro, "*". Idan ta zo a gaban Principal tare da Allow, wato kalmar ba da izini, babu sharaɗin Condition a ƙarƙashinta, to kowa a duniya ke nan. Na taɓa tarar da ita a wani ofishi a nan garin, inda ɗan bautar ƙasa ya sa ta domin hotuna su buɗe a shafin intanet, ya gama hidimarsa ya tafi, alhali takardar albashin ma'aikata tana cikin ma'ajiyar. A Google Cloud makamanciyarta ita ce allUsers, sannan allAuthenticatedUsers tana nufin duk mai asusun Google, ko da bai taɓa taka ofishinku ba.

Dokar da aka manna wa ma'aikaci kai tsaye ba ta ɗauke da Principal, wanda aka manna wa shi ne mai izinin. In kuma ka ga baƙaƙe masu farawa da AIDA a gurbin suna, alama ce an goge mai asusun, sai ka cire layin. Daga nan ka kunna IAM Access Analyzer, wanda AWS ya fitar a 2019, ya jero maka abubuwan da ya gano mutanen waje na iya taɓawa.