Yadda nake tsara wa fankar kwamfuta hanyar sarrafawa a kanel ɗin Linux, wato zuciyar tsarin

Karon farko da na rubuta direban fanka, wato manhajar da ke haɗa kanel da na'ura, don wani ƙaramin allon lantarki (board), fayil na ƙirƙiro da kaina, na raɗa masa sunan da na ga dama. Babu manhajar da ta gane shi. Dole na rushe aikin na koma kan hwmon, tsarin da Linux ya riga ya shimfiɗa don sa ido kan zafi da fankoki. Kai ma fara daga nan.

Yi wa na'urarka rajista da devm_hwmon_device_register_with_info, fayilolinta za su bayyana a ƙarƙashin /sys/class/hwmon. Ƙa'idar wurin ita ce kowane fayil lamba ɗaya yake ɗauka. A fan1_input ake karanta juyin fanka a minti ɗaya. A pwm1 ake rubuta ƙarfin da ake so, daga 0 zuwa 255. Shi kuwa pwm1_enable shi ke faɗin wanda ke riƙe da linzami: 0 fanka ta yi gudu iya ƙarfinta, 1 mutum ko manhaja ke juya ta, 2 zuwa sama na'urar ke kula da kanta. Zafi ana ninka shi sau dubu, wato 45000 a temp1_input digiri 45 ke nan. In ka bi waɗannan sunaye, manhajojin sensors (mai nuna zafi da juyin fanka) da pwmconfig (mai saita fanka) za su gane direbanka ba tare da an koya musu komai ba. Wanda ya rubuto 300 a pwm1, mayar masa da -EINVAL, wato saƙon cewa lambar ba ta karɓu ba, kada ka gyara masa a ɓoye.

Wajen lissafin juyi, yawancin fankoki bugu biyu suke bayarwa a kowane zagaye, wajen sarrafa gudu kuma, masu waya huɗu siginar kilohaz 25 suke so. Sannan fanka akwai taurin kai: ƙarfin da zai riƙe ta tana juyi ba lallai ya iya tayar da ita daga tsaye ba. Ni nakan ba ta cikakken ƙarfi na ɗan lokaci, sannan in sauko.

Inda na fi daɗewa kuwa shi ne tambaya ɗaya: in manhajar da ke juya fankar ta mutu fa? Ta bar pwm1 a kan 40, firosesa na ta aiki, zafi na hawa, babu mai dubawa. Na taɓa dawowa daga sallar la'asar na tarar injin ya kashe kansa saboda haka. Direban thinkpad_acpi na kwamfutocin ThinkPad ya burge ni a nan. Ba zai ma yarda ka taɓa fanka ba sai ka loda shi da fan_control=1, kuma yana da agogon tsaro da za ka iya saitawa har daƙiƙa 120; in lokacin ya cika ba sabon umarni, sai ya mayar da fankar yanayin da ba ta da haɗari. Kwaikwayi wannan. Haka in an cire direban, ko kwamfuta ta farka daga barci, kada a bar fankar a hannun wanda ba ya nan.

Af, lambar hwmon tana iya canzawa bayan an sake kunna inji, hwmon2 ta yau ta zama hwmon3 gobe. Sa wa fayil ɗin name suna mai ma'ana don manhajoji su nemo ka da shi.

Gwajina na ƙarshe kullum ɗaya ne: in tayar da fancontrol, manhajar da ke juya fanka, in ɗora wa firosesa aiki mai nauyi, in kashe manhajar nan take da umarnin kill -9, in kasa kunne kusa da injin ina kallon agogo.