Kurakuran da ɗalibin Japananci kan yi a zuwansa na farko Japan, da yadda ake gyara su

Ɗalibin da ya shekara yana haddar hiragana da katakana, wato haruffan Japananci da ake kira kana, har ya ci jarrabawar ƙwarewa a harshen ta JLPT matakin farko-farko, N5 ko N4, yakan sauka a filin jirgin Narita ko Haneda yana fargabar ƙarancin kalmomi. Kalmomi kuwa ana cike giɓinsu da waya da nuni da hannu. Abin da ya fi wahalar da sabon zuwa shi ne maganar da Japanawa ba sa furtawa, da ƙananan ƙa'idojin zaman yau da kullum waɗanda ba wanda zai tsaya ya koya maka, domin a wurinsu gyara baƙo a gaban jama'a kunyata shi ne. Sai ka yi kuskure a yi maka murmushi, ka wuce kana ganin ka burge. Gara a san waɗannan abubuwa tun ana gida.

Na farkonsu ma a cikin akwati ake yin sa. Mutumin Arewa ba ya doguwar tafiya ba kilishi ko dambun nama, kuma iyaye ba za su bari ka fita hannu rabbana ba. To Japan ta hana matafiyi shigo da nama da duk abin da aka sarrafa daga nama, busasshe ne ko soyayye, in babu takardar binciken hukuma da ta amince da ita. Akwai karnuka masu sansana kaya a wurin ɗaukar jakunkuna, hukuncin kuma yana iya kaiwa tarar yen miliyan 3 ko ɗaurin shekara 3. A ci kilishin a gida. Haka wasu magungunan mura da na tari da ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, can haramun ne ko an ƙayyade adadinsu, don haka mai shan magani kullum ya tambayi ofishin jakadancin Japan da ke Abuja kafin ya shirya kaya. Wutarsu volt 100 ce, soket ɗinsu mai ƙafa biyu ne, sai a sayi adafta a bar dutsen guga a gida.

Japanancin anime

Da yawa daga masu koyon harshen ta katun ɗin Japan, wato anime, suka fara sha'awarsa. Ba laifi, yana buɗe kunne. Matsalar ita ce jaruman ciki suna magana ne irin ta faɗa da ta abokan wasa. Kalmomi kamar omae da temee, waɗanda ake fassarawa da "kai", a bakin baƙo tsiwa ce, ta biyun ma kusan zagi ce. Ore, wato "ni", ta samari ce a tsakaninsu. Ko anata da littattafan koyo ke sakawa a darasin farko, ba kasafai ake fuskantar mutum da ita ba. Ana kiran sunan danginsa ne a ƙara san, malami kuma a ce sensei. Kai kuma ba ka liƙa wa sunanka san, girmamawa ce da ake yi wa wani.

Gyaran mai sauƙi ne, sai dai yana son haƙuri: ka tsaya kan salon ladabi na ƙare jimla da desu ko masu, ka yi shi da kowa, babba da yaro, har sai abokin maganarka ya sassauta da kansa. Kada kuma ka tsallaka ɗaya ɓangaren ka ce sai ka yi keigo, wato harshen girmamawa, mai zurfi irin na ma'aikatan kamfani. Yana da reshen ɗaukaka wanda ake magana da shi da reshen ƙasƙantar da kai, kuma wanda bai ƙware ba yakan juya su, ya ɗaukaka kansa ya sauke malaminsa. Babu mai tsammanin wannan daga ɗalibin shekarar farko.

A'ar da ba a faɗa

Nan ne aka fi yin tuntuɓe. Ka gayyaci ɗan ajinku cin abinci ranar Asabar, ya ja numfashi ya ce doyoubi wa chotto..., ya yi shiru. A ƙamus chotto na nufin "kaɗan". A wannan wuri ya ce maka ba zai zo ba, ya kuma gama magana. Sabon zuwa yakan bi da tambaya, to Lahadi fa, to da yamma fa, har ya tura mutumin lungu. Abin da ya dace shi ne ka ce to sai wani lokaci, ka sauya zance. Bahaushe bai kamata wannan ya zame masa baƙon abu ba, tunda ya san abin da "sai na duba" ke nufi a bakin wanda aka je nema wa rance. Kangaete okimasu, "zan yi tunani", da muzukashii desu ne, "da wuya fa", duk gidansu ɗaya.

Hai, wato "eh", ma tana ruɗarwa. Kana magana Bajapane yana ta hai, hai, sou desu ne yana gyaɗa kai, sai ka ɗauka ya amince da buƙatarka. Yana nuna maka yana saurare ne kawai. Suna kiran wannan aizuchi, kuma kai ma ana jiran ka yi. Wanda ya yi tsit yana kallon mai magana, ko da ladabi yake nufi, ana ɗauka bai gane ba ko ransa ya ɓaci. In maganar mai muhimmanci ce, kamar kuɗin haya ko ranar miƙa aiki, ka maimaita abin da ka fahimta da bakinka, ka bari a tabbatar maka.

Sai daijoubu desu, wadda ke iya zama "ba komai, ya yi" ko "a'a, na gode". In mai kanti ya tambaye ka ko kana son leda ka ce daijoubu desu, ba zai ba ka ba. In kana so, onegai shimasu za ka ce.

Gaisuwa ma tana da nata. Mu ba ma shiga magana sai an tambayi kwana da gajiya da iyali. Ɗalibi sai ya kama ogenki desu ka, wato "kana lafiya?", yana jefa wa kowa kullum da safe, alhali ana yin ta ne ga wanda aka daɗe ba a gani ba. Ohayou gozaimasu, wato "barka da safiya", da ɗan tsokaci kan zafi ko sanyi ya wadatar. Tambayar sabon sani matarsa da 'ya'yansa kuwa shisshigi ne. Ba a miƙa hannu sai an miƙo maka, rusunawa ake yi, kuma Musulmin da rusunawa ke damunsa ya sani ɗan sunkuyar da kai ya isa, ba a neman fiye da haka daga baƙo.

Abin da harshen uwa ya ba ka

Mai jin Hausa yana da gatan da Bature ba shi da shi, amma romaji, wato rubuta Japananci da haruffan boko, yakan sa ya zubar da shi. Kunnenmu ya saba bambanta dogon wasali da gajere: garin da ake zama daban, garin da ake tuƙa tuwo daban. Japananci ma haka yake. Obasan inna ce, obaasan kaka ce, kuma mace mai shekara arba'in ba za ta ji daɗin ta biyun ba. Biru dogon gini ne, biiru giya ce. Shadda ma tana sauya ma'ana: kite "zo", kitte kan sarki. Tunda rubutun boko na Hausa ba ya nuna tsawon wasali, ido ya saba wucewa, ga shi sunaye irin su Tokyo da Osaka ana rubuta su ba alamar ja alhali ana jan su. Maganin shi ne a saki romaji da wuri, a karanta da kana, a riƙa maimaita abin da kunne ya ji. Fu ɗinsu da leɓɓa ake hura ta kamar "f" ɗinmu, wannan kyauta ce. Tsu kuma ba ta da maƙurewar "ts" ta "tsuntsu", a sake ta. "P" ce ke son aiki, domin pan, burodi, ba fan ba ne.

Da ka buɗe baki za a ce maka nihongo jouzu desu ne, wai ka iya Japananci. Ana faɗa wa wanda ya iya kalma uku ma. Ka amsa da mada mada desu, da saura tukuna. Haɗarin da ya fi wannan shi ne mutane su juya zuwa Turanci don su sauƙaƙa maka, kai kuma ka bi, ka tare cikin 'yan'uwanka baƙi, wata uku su wuce ba ka ƙaru ba. Ajin da ya fi arha shi ne konbini, ƙananan kantunan nan irin su 7-Eleven da Lawson da FamilyMart. Tambayoyinsu ba sa sauyawa: kana son leda, wadda tun Yulin 2020 ake biyan kuɗinta, a ɗumama maka abincin, kana da katin maki. Irasshaimase da ake tarbarka da ita ba ta neman amsa. In ka je Osaka ka ji ookini maimakon arigatou, wato "na gode", ko akan da nufin "bai yiwuwa", kada ka zargi littafinka, karin harshen Kansai ne.

Abinci

"Ba na cin alade" ba ta isa ba, domin mai dafa abinci zai duba ko akwai yankan nama a kwano ne kawai. Romon taliyar ramen sau da yawa na ƙashin alade ne, musamman wanda ake kira tonkotsu. Akwai kitsen alade da gelatin a wasu burodi da kayan zaƙi, kuma mirin da sake, dukansu giyar shinkafa, suna shiga miya da yawa. Daga cikin kanji, haruffan da aka aro daga Sinanci, guda 2,136 na amfanin yau da kullum, biyu su ne na gaggawa ga Musulmi: 豚 alade, 酒 giya. Ka haddace su, ka haɗa da みりん, wato mirin, ka riƙa juya bayan leda kana dubawa. A Tokyo akwai shagunan halal a unguwar Shin-Okubo. Masallacin Tokyo Camii da ke Yoyogi-Uehara, wanda aka sake ginawa a 2000, da na Kobe da aka gina a 1935, wurare ne da za ka sami waɗanda suka riga ka zuwa su nuna maka inda ake ci.

A kan tebur, kada ka kafa tsinkayen cin abinci a tsaye cikin shinkafa, kada kuma ka miƙa wa wani loma daga tsinke zuwa tsinke. Dukansu al'adun jana'iza ne. Ba a ba da tukwici a gidan abinci, in ka bar canji za a iya biyo ka da shi har titi. Kuɗi kuma a ɗan farantin da ke gaban mai karɓa ake ajiyewa.

Cire takalmi ba sabon abu ba ne a wurinmu, amma nasu yana da matakai. Ana cirewa a genkan, ƙasan da ke bakin ƙofa, a hau dandamali da safa ko silifar gida. Silifa ba ta hawa tabarmar tatami. Bandaki yana da tasa silifar, kuma fitowa falo da ita shi ne abin kunyar da kusan kowane baƙo ke yi sau ɗaya. A wurin wankan ruwan zafi na onsen, ana wanke jiki tas kafin a shiga kwarmin, kuma tsirara ake shiga, maza daban mata daban. Wanda hakan bai yi masa ba ya nemi kashikiri, ɗakin wanka da ake kamawa na keɓe, maimakon ya shiga da gajeren wando a yi ta kallonsa.

A jirgin ƙasa ba a amsa waya, hira ma ƙasa-ƙasa ake yi. Jirage suna daina aiki wajen tsakar dare, tasi kuma tsada gare ta. In an ce a haɗu ƙarfe 9, ana nufin kana wurin da saura minti biyar, kuma a tasha kamar Shinjuku mai ƙofofi sama da 200 sai ka tambayi wace ƙofa. Ka sayi katin Suica ko Pasmo ka huta da lissafin tikiti. Kwandon shara ya yi ƙaranci a tituna, an kwashe da yawa bayan harin iskar sarin da aka kai jiragen ƙarƙashin ƙasa na Tokyo a 1995, don haka kowa yana riƙe shararsa har gida. A gidan ma ana ware mai ƙonewa da kwalabe da gwangwani, kowanne da ranar fitar da shi, kuma ba abin da ke haɗa baƙo da maƙwabta faɗa kamar wannan.

Takardu, da zumuɗin ganin ko'ina

Mai bizar ziyara ta kwana 90 ko ƙasa da haka ba shi da izinin aiki, kuma doka ta ce fasfonsa ya kasance a jikinsa. Mai bizar karatu ana ba shi katin zama a filin jirgi. Cikin kwana 14 da samun masauki sai ya yi rajistar adireshinsa a ofishin gunduma, ya shiga inshorar lafiya ta ƙasa, wadda ke sa ya biya kashi 30 cikin 100 kawai na kuɗin asibiti. Aikin wucin gadi sai da izini na musamman, kuma bai wuce awa 28 a mako lokacin karatu. Wuce wannan iyaka na iya hana sabunta biza. Lambar wayar 'yan sanda 110, ta motar asibiti da 'yan kwana-kwana 119.

Na ƙarshe shi ne son a ga Tokyo da Kyoto da Hiroshima da Hokkaido a mako guda. Tikitin jirgin ƙasa na JR Pass na mako ya koma yen 50,000 a Oktoban 2023, kuma na masu ziyara ne, mai bizar karatu ba ya samu. Tafiya a hutun Golden Week, ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, ko lokacin bikin Obon a tsakiyar Agusta, cunkoso ne da tsada. A unguwar Gion ta Kyoto an hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba saboda yadda baƙi ke bin geiko, matan da ke nishaɗantarwa da rawa da waƙar gargajiya, da kyamara, tarar yen 10,000 ce. Ni a ganina wanda harshe ya kai shi ya fi cin riba in ya zauna unguwa guda, ya riƙi kanti ɗaya da gidan abinci ɗaya har su san fuskarsa. Ya kuma tambayi ofishin gunduma ajin Japananci na 'yan sa kai. Gundumomi da yawa suna da shi, kyauta ko da kuɗi kaɗan, kuma yawancin masu koyarwar dattawa ne da suka yi ritaya, masu lokacin zama su saurare ka har ka ƙarasa jimlarka.