Harhaɗa allon RC2014 Mini da gwada shi mataki-mataki

RC2014 ƙaramar kwamfuta ce ta masu sha'awar tsofaffin kwamfutoci, wadda Spencer Owen ya ƙirƙiro a Ingila a 2014. Zuciyarta ita ce Z80, aisin (IC, ƙaramin guntun lantarki mai ƙafafu) da kamfanin Zilog ya fitar a 1976. Samfurin Mini ya tattara komai a allo ɗaya: Z80 mai ƙafa 40, ma'adanar RAM 62256 mai cin 32K, ROM 27C512 mai ɗauke da BASIC na Microsoft (harshen rubuta shirin kwamfuta), aisin sadarwa 68B50, kiristal na 7.3728 MHz mai saita saurin bugun agogon kwamfutar, da ƙananan aisi na jinsin 74HCT. Babu allon kallo, babu madannai. Ta wayar siriyal, wadda ke kai rubutu da dawo da shi, kake magana da ita daga kwamfutarka. Abin da ke raba allon da ya tashi da wanda ya yi shiru shi ne tsarin aiki: kada aisi ko ɗaya ya hau allon sai mitar auna wuta ta tabbatar maka cewa wurin zamansa lafiya yake.

Ka tanadi ƙarfen liƙi mai sirarin baki wanda ake iya saita zafinsa, dalma mai kaurin milimita 0.7 ko 0.8, filaya mai yanke ƙafafu, mita, tabarau mai ƙara girma, da igiyar tagulla ta tsotse dalma. Dalma mai guba ta 63/37 tana narkewa a digiri 183 na Celsius, don haka ka sa ƙarfen a 330 zuwa 350. Wadda ba gubar a cikinta sai wajen 217 take narkewa, tana son ƙarfe mai kusan 370, kuma ta fi wuyar sha'ani ga sabon hannu. Idan da mai guba kake aiki, ka wanke hannu kafin ka taɓa abinci, ka kuma bar taga a buɗe saboda hayaƙi. A lokacin hunturu, iska busasshiya tana sa jiki ya tara wutar da ke tartsatsi idan ka taɓa ƙarfe, kuma wannan tartsatsin yana iya kashe aisin CMOS ba tare da wata alama ba. Bar aisin a cikin kumfar da suka zo da ita, ka riƙa taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ka ɗauke su.

Daga gajeru ake farawa zuwa dogaye, domin idan ka kifa allon a kan tebur, tebur ɗin ne zai danne kayan su kwanta daidai. Rezistoci tukuna. Kada ka dogara da launi kaɗai, ja da ruwan lemo suna rikita ido a ƙarƙashin fitila: 1k ruwan ƙasa, baƙi, ja ne, 10k ruwan ƙasa, baƙi, ruwan lemo, 1M ruwan ƙasa, baƙi, kore. Auna kowanne da mita, daƙiƙa biyar ce. Sai kiristal, sai soket-soket (mazaunan da aisi ke shiga), sai kafasitoci. Masu lamba 104 su ne 100nF, ɗaya kusa da kowane aisi, aikinsu kwantar da wutar da aisin ke fizga. Biyu na 22pF na kiristal ne, kuma sun yi kama da sauran ƙwarai. Wanda ya sa 100nF a gurbinsu, kiristal ba zai motsa ba, allon kuwa zai zauna kamar gawa alhali komai na da wuta.

Wajen liƙi, bakin ƙarfen ya taɓa ƙafar da zoben tagullar allon a lokaci guda. Bayan daƙiƙa ɗaya ka kawo dalmar ta ɗaya gefen, ba kan ƙarfen ba, ta malala ta cika ramin, ka janye dalmar sannan ka janye ƙarfen. Duka bai wuce daƙiƙa uku ba. Liƙi mai kyau yana hawa ƙafar kamar ɗan tudu mai santsi. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo ya zauna a kan ramin ne kawai, bai kama ba, kuma irinsa ne ke aiki yau ya ƙi gobe. Ƙafafun layin ƙasa, wato GND, sukan sha zafi da yawa saboda faɗin tagullar da ke maƙale da su, ka ƙara musu daƙiƙa ɗaya ko biyu.

Soket yana da 'yar tsaga a gefe guda, ta dace da zanen da ke kan allon. Liƙa ƙafa biyu na kusurwoyi masu kallon juna, ka juyo ka duba ko ya kwanta sarai. Idan ya ɗaga, narkar da ƙafa ɗaya ka danna. Gyaran soket mai ƙafa 40 bayan an liƙe shi duka aiki ne da ke cinye yini, wani lokaci har da zoben allon.

Yanzu gwaji na farko, babu wuta, babu aisi. Sa mita a kan auna haɗuwa, ka taɓa 5V da GND. Idan ta yi 'yar ƙara ta daina, kafasitoci ne ke cika, ba komai. Idan ƙarar ta ɗore, akwai gadar dalma a wani wuri, kada ka kawo wuta sai ka gano ta. Daga nan bi ƙafafun soket ɗin Z80 biyu-biyu, kowace da maƙwabciyarta. Mutane suna ƙyashin wannan mataki, amma gadar da ta haɗa layukan adireshi biyu, wato layukan da Z80 ke zaɓar gurbi a ma'adana da su, ba ta ƙona komai, ba ta nuna kanta, sai dai ta sa kwamfutar ta riƙa karanta gurbin da ba shi ba.

Sai a kawo wuta, soket-soket har yanzu fanko. Allon 5V yake so. Cajar 9V ko 12V mai baki iri ɗaya za ta kashe aisin duka a ƙiftawar ido. Haka kuma hanya ɗaya tak za ka ba shi wuta: ko ta wayar siriyal, ko ta ramin caja. Akwai 'yar hular da ke haɗa tsinke biyu don karɓar wuta daga wayar siriyal, a cire ta idan da caja za a yi aiki. Idan kana da na'urar ba da wuta mai iyakancewa, sa ta a 200 mA. Auna 5V a ƙafa ta 11 ta Z80, GND a ta 29. A RAM da ROM, 28 da 14. A ƙananan 74HCT masu ƙafa 14, ta 14 da ta 7. Shi 68B50 daban yake: GND a ƙafa ta 1, wuta a ta 12. Abin da ya faɗi ƙasa da 4.75 matsala ne, sau da yawa siririyar wayar USB ce ke shanye shi.

Kashe wuta, sa 74HCT04, mai tayar da agogo tare da kiristal, da sauran ƙananan, kunna. Ƙafa ta 6 a soket ɗin Z80 ita ce ta bugun agogo. Mita ba za ta iya bin bugu miliyan bakwai a daƙiƙa ba, za ta nuna matsakaici, wajen 2 zuwa 2.5V. Sifiri ko 5V cif na nufin agogon a tsaye yake: duba kafasitocin 22pF, rezistan 1M da liƙin kiristal. Ƙafa ta 26 ta nuna 5V, ta faɗi sifiri idan ka danna maɓallin sake tashi. Ƙafafu na 16, 17, 24 da 25 su ma su kasance a sama. Idan ta 24 ko ta 25 ta sauka, Z80 za ta tsaya tana jira har abada.

Sabbin aisi suna zuwa da ƙafafu a ɗan buɗe. Kwantar da gefe guda a kan tebur ka ɗan lanƙwasa su su miƙe, sannan ka danna a hankali, kana kallon kowace ƙafa. Wadda ta naɗe a ƙarƙashin aisin daga sama kamar ta shiga take, sai ka duba ta gefe da haske. Bayan kunnawa ka taɓa bayan kowanne da yatsa. Ɗumi kaɗan a 68B50 daidai ne. Wanda ya yi zafin da ba ka iya riƙewa, a juye yake, kashe wuta nan take. A kula da ita kanta Z80 ɗin: Zilog ya sanar da daina ƙera Z84C00 a 2024, kuma kasuwa cike take da tsofaffin da aka goge aka sake wa lamba. Tsohuwar NMOS ta 4 MHz da aka rubuta wa 10 ko 20 tana zafi, tana jan wuta da yawa, kuma tana iya tuntuɓe a 7.3728.

ROM ɗin 64K ne da aka raba gida takwas na 8K, huluna uku na A13, A14 da A15 ke zaɓar gidan. A ROM mai lamba R0000009, BASIC yana gida na farko, wato dukkansu a 0. Wayar siriyal ta zama mai 5V irin ta FTDI, baƙar wayarta a GND. A kwamfutarka buɗe manhajar siriyal, PuTTY, Tera Term ko minicom, ka saita saurin a 115200, tsarin a 8N1. Wannan 115200 daga kiristal ta fito: 7,372,800 raba 64. Shi ya sa canza kiristal ke canza saurin siriyal, rubutu ya koma tarkace.

Danna maɓallin sake tashi. Tambayar "Memory top?" za ta fito, ka danna Enter, BASIC ya ƙirga RAM da kansa ya faɗi abin da ya samu, dubu talatin da ɗoriya. Adadin da ya gaza haka sosai yana nuna layin adireshi ko ƙafar RAM da ba ta kama ba. Idan rubutu na fitowa amma ba ya jin abin da kake bugawa, bi ƙafa ta 2 ta 68B50 da ta 16 ta Z80, domin ta farkon harafi ke shiga, ta biyun kuma ake sanar da Z80 cewa ya iso. Idan shiru ne gaba ɗaya, fara da musanya TX da RX, wayar aikawa da ta karɓa.

Idan shirun ya ƙi ƙarewa, cire ROM, RAM da 68B50, ka ja layukan bayanai D0 zuwa D7 zuwa GND ta rezistoci na 1k. Z80 za ta riƙa karanta 00, umarnin NOP, wato kada a yi komai, tana ƙirga adireshi daga farko zuwa ƙarshe. Kowane NOP bugu 4 ne, adireshi kuma 65,536, don haka zagaye ɗaya yana maimaituwa kusan sau 28 a daƙiƙa. Fitilar LED da rezista a kan A15, ƙafa ta 5, za ta riƙa kyaftawa. Idan ta yi, Z80 da agogo lafiya suke, laifin yana wajen ma'adana, 68B50 ko ƙananan aisi irin 74HCT32.

Da allon ya tashi, rubuta shirin da ke ƙirga lambobi ba tsayawa, ka bar shi awa guda, kana ɗan danna allon da bayan biro nan da can. Inda ya tsaya da ka danna, nan liƙin da zai sake shan ƙarfe yake. In kuma kana manna dogon shiri haruffa suna ɓacewa, BASIC ne ba ya iya haɗiye su da wannan sauri: kunna RTS/CTS, tsarin dakatar da aikawa, a manhajar siriyal, ko ka sa jinkirin milisakan kaɗan bayan kowane harafi.