Kurakuran masu koyon cin tsiron daji

Na gaji da ganin samari sun shiga daji da wuƙa da 'yar tukunya, su dawo riƙe da ciki. Kullum kuma abu ɗaya ake maimaitawa.

"Ai na ga akuya tana ci." To, cikinka irin nata ne? Da rani akuya har tumfafiya takan taɓa, alhali ruwan tumfafiya in ya shiga idon mutum sai an yi jinya.

Sai rikita tafasa da rai-ɗore. Ganyen tafasa shida ne a reshe, bibbiyu suna fuskantar juna, bakinsu a zagaye. Na rai-ɗore mai tsini ne, ga wari in ka murza, kuma ɗanyun 'ya'yansa suna lalata hantar yara. Ni sai na murza na sansana kafin in tsinka.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne gaggawa da anza, ɗan itacen daji mai 'ya'ya masu ɗaci. Mutanen Damagaram sun rayu da ita a yunwar 2005, amma ba daga itace zuwa baki ba. Ana ɓare 'ya'yan, a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake sabo, haka kullum har kwanaki, sannan a dafa. Gajen haƙuri ya taɓa sa na dafa ta da sauran ɗaci, amai da ciwon kai suka kwantar da ni nesa da gida. Yanzu kuma yaro ya jiƙa da safe ya ɗora wuta da la'asar, wai zai kashe ɗacin da gishiri. Haba malam! Ɗacin nan gargaɗi ne. Ni ba na ƙirga kwana, harshe nake sawa. Matuƙar da ɗaci, ta koma ruwa, kuma ruwan jiƙon ko dabba ba na ba ta.

Wajen abin sha, ganyen geza ya jure dahuwa, shayinsa ke nan. Garin 'ya'yan kuka kuwa wuta na rage masa bitamin C. Tafasa ruwan shi kaɗai, ya huce, sannan ka dama.

'Ya'yan bini-da-zugu na da garɗi, ƙarshensu zawo. Zaƙami kuwa ko kusa da shi kada ka je. Kada ka tsinki ganye a bakin kwalta ko gefen gonar da aka yi wa feshi. In za ka ɗebi sassaƙe, gefe ɗaya ya isa, zagaye itace da wuƙa kashe shi ne.