Gugar mota da fesa firaima a gida kafin fenti

To jama'a, yau a kan shirya jikin mota za mu tsaya. Da yawa in aka ce fenti hankalinsu na kan kala ne kawai, ja ko baƙi ko ruwan toka, alhali fenti ba ya rufe asirin komai, duk ƙarzane ko lotsawar da ka bari a ƙasa sai ta fito, in motar ta yi sheƙi ma ta fi fitowa. Aikin na wajen guga ne.

Fara wanke motar tas da omo, ta bushe, sannan ka bi da tsumma mai tsabta da maganin cire maiƙo. In akwai man inji ko folish a jiki firaima, wato shafin farko da ake fesawa kafin fentin kala, ba za ta zauna ba, sai ka ga ƴan ramuka kamar idon kifi.

Yanzu ɗauki samfefa ka juya bayanta, akwai lamba a rubuce. Ƙaramar lamba ita ce mai kaushi, babbar lamba mai laushi. Lamba 80 ta cin tsatsa ce da tsohon fentin da ya ɓare, ka goge wurin har farin ƙarfe ya fito, sai 180, sai 320 ita ce ta ƙarshe kafin firaima. Kar ka yi tsalle daga 80 zuwa 320 don kana sauri, kowace lamba aikinta share zanen da ta gabanta ta bari, in ka tsallake to zanen na nan yana jiranka. Kuma don Allah a daina guga da yatsu, naɗe samfefar a jikin katako shafaffe ko roba, yatsu suna barin kwari kwari wanda ido ba ya gani sai bayan fenti. Inda tsohon fenti ke lafiya lau ba sai ka kai ƙarfe ba, kashe sheƙinsa kawai da 320.

Wurin da ya lotsa shi ke son fila, wato kwaɓin da ake cike lotsawa da shi. Hadina, wato maganin da ke sa ta daskare, kaɗan ake sa mata, wajen kashi 2 cikin 100, kuma ka dama kaɗan kaɗan don a zafin Afrilu kafin ka gama shafawa ta daskare a hannunka. Shafa siriri, ta bushe, ka goge da 80 sannan 180, in bai cika ba ka ƙara. Kar ruwa ya taɓa fila, tsotsewa take yi ta haifar da tsatsa a ƙasa. In tsatsa ta huda ƙarfen kuwa wannan aikin mai walda ne, masu cusa fila a rami motarsu ba ta kai damina biyu ba ta tsage.

Rufe gilasai da fitilu da tayoyi da takarda da salatif na masu fenti.

Sai firaima. In ƙarfe ya fito fili fara da irin ta epoxy mai hana tsatsa, sannan mai kauri ta hau kai. Karanta gwangwanin, in ka ga 4:1 ana nufin awo huɗu na firaima, awo ɗaya na hadina, kar ka haɗa da ka. Riƙe bindigar feshi nesa da jiki kamar taƙi ɗaya, santimita 15 zuwa 20, hannu na tafiya kar ya tsaya, kowane layi ya hau rabin na baya. Shafi biyu ko uku, tsakaninsu ka jira minti 10 zuwa 15 har sheƙin ya dushe. Yayyafa ruwa a ƙasan garejin tukuna, musamman da hunturu da ƙura ke yawo.

Maganar lafiya ba wasa fa. Hadinar firaima mai haɗi biyu tana da guba mai taɓa huhu, takunkumin yadi ba ya tare ta, nemi na masu fenti mai matata. Buɗe ƙofa iska ta shiga, yara su yi nesa, ba sigari, ba risho, janareta ma a waje can, don tina, wato ruwan tsinka fenti, na kama wuta nan da nan.

In firaimar ta kwana ta bushe, watsa baƙin fenti sama sama ka goge da 400 zuwa 600 da ruwa, duk inda baƙin ya maƙale to akwai kwari a nan, a koma masa.

Aikin gida: nemo samfefa uku, rubuta lambobinsu a littafinka daga mai kaushi zuwa mai laushi, ka zo da su aji.